Kun Tambaya, Mun Amsa: Yadda Ake Auna Matasan Besbol Kafin Su Kai Babbar Lig

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo kusan duk a kan abu guda suke, wato jerin sunayen nan da ake fitarwa kowace shekara kafin a buɗe kakar besbol a Amurka, inda ake cewa wane ne na ɗaya a matasan ƙungiya kaza, wane na goma, wane na talatin. Mun tsamo wasu daga ciki, mun rage wa masu tsawo tsawo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina bin wasannin MLB ta intanet, to kullum sai in ji an ce an ɗauko wani yaro daga ƙasa, ko an mayar da shi ƙasa. Don Allah ƙasan nan hawa nawa ne, kuma wa ke da iko da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kowace ƙungiya a cikin 30 ɗin da ke babbar lig, wato MLB, tana da nata gandun renon 'yan wasa, tsarin da Branch Rickey ya kafa harsashinsa a St. Louis Cardinals tun shekarun 1920. Daga garambawul ɗin 2021 zuwa yau, hawa huɗu ne ke buga cikakkiyar kaka: Single-A a ƙasa, sai High-A, sai Double-A, sai Triple-A da ke daf da babbar lig. Huɗu sau talatin, ƙungiyoyi 120 ke nan, alhali da can sun kai kusan 160. Ƙarƙashin waɗannan akwai gasar sabbin shiga da ake bugawa a sansanonin horo na Arizona da Filorida, da gasar bazara ta Jamhuriyar Dominika, inda 'yan 16 da 17 ke fara taka fili.

Filin wasa da kuɗin tikiti galibi na wasu 'yan kasuwa ne daban, amma 'yan wasa da masu horarwa na babbar ƙungiya ne. Ita ke biyansu, ita ke cewa wane ya hau, wane ya sauka. Shi ya sa ɗaukar kofi a can ba shi aka sa a gaba ba. Za ka ga an cire mai jifa a turmi na biyar, cikin turmi tara da ake raba wasa, yana tsaka da wasa mai kyau, don kawai ya cika adadin jifan da aka ƙayyade masa a ranar. Hawan da ke tankaɗe mutane shi ne Double-A, domin a nan mai bugu ke fara karo da masu jifan da ke iya lanƙwasa ƙwallo su ajiye ta inda suka ga dama ko da suna cikin matsi. Triple-A kuwa ya fi kama da ɗakin jira, cike yake da 'yan shekara 27 da 28 da suka leƙa sama suka dawo.

Tambaya: Na ga an rubuta wa wani ɗan wasa: bugu 55, ƙarfi 60, gudu 40, hannu 50, tsaro 45. Na ɗauka a kan ɗari ake ba da makin, har na ce ashe yaron da ƙyar ya tsallake. Yaya abin yake?

Amsa: Yaron ya tsallake har da tafi. Ma'aunin daga 20 yake farawa ya tsaya a 80, kuma 50 ba rabi take nufi ba, tana nufin daidai da matsakaicin ɗan wasan babbar lig. Lura da kyau, na babbar lig, ba na hawan da yaron yake ba. Mai 60 ya zarce matsakaici a fili, 70 ta fitattu ce, 80 kuwa 'yan tsiraru ne ke da ita a duniya. Ta ƙasa, 40 gazawa ce kaɗan, 30 rauni ne da kowa zai gani.

Gudu ya fi sauƙin aunawa. Ana danna agogo daidai lokacin da sanda ta taɓa ƙwallo, a tsayar da shi idan ƙafa ta taka zangon farko, inda mai bugu ke fara rugawa, tazarar ƙafa 90. Mai bugu da dama idan ya yi daƙiƙa 4.3 ya sami 50, 4.2 ta ba shi 60, 4.1 ta ba shi 70, 4.0 kuma 80. Bahago ana rage masa kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a kowane mataki, saboda ya fi kusa da zangon kuma juyin sandarsa can yake tura shi. Kuskuren sabon mai aunawa shi ne ya rubuta lokacin da yaro ya yi a ƙwallon da ya riga ya san ya fita, yana gudun ganin dama. Sai gudun da aka yi da gaske ake lissafawa.

Ƙarfi iri biyu ne, kuma masu rubuta rahoto da kyau sukan raba su. Akwai ɗanyen ƙarfi, wanda ake gani a atisayen kafin wasa, lokacin da mai horarwa ke jefo ƙwallo a hankali. Akwai kuma ƙarfin cikin wasa, wanda ake fassarawa da yawan homron a kaka, wato bugun da ke tsallakar da ƙwallo bayan shingen fili: 50 kimanin 15 zuwa 18, 60 kimanin 23 zuwa 27, 70 daga 30 zuwa 35, 80 kuma 40 ko fiye. Yara da yawa suna da ɗanyen ƙarfi 70 amma na wasa 40, don ba sa samun ƙwallon da za su nuna shi a kanta.

Hannu shi ne ƙarfin jifa da saitinsa. Ga mai cafewa a bayan mai bugu ma agogo ake sa masa, daga shigar ƙwallo safarsa zuwa isarta zango na biyu: daƙiƙa 2.0 matsakaici, 1.9 mai kyau. Tsaro kuma ƙafa ake kallo kafin hannu, musamman takun farko da yaro ke yi idan ƙwallo ta bar sanda.

Bugu ne gagara-badau. A teburin gargajiya 50 tana daidai da .260, wato bugu mai kyau 26 a fitowa 100, 60 daidai da .280, 70 daidai da .300. Babu agogon da ke auna shi, kuma shi ne ke riƙe da sauran: wanda bai iya sa sanda a kan ƙwallo ba, gudunsa da ƙarfinsa ado ne kawai.

Za ka kuma ga an rubuta 30/55. Ta farko matsayin yaro ne a yau da za a jefa shi babbar lig, ta biyu inda ake sa ran zai kai. Sai makin ƙarshe na mutum gaba ɗaya, wanda ba tarawa ake yi a raba biyar ba. A nan 40 ɗan benci ne, 45 mai buga wasu ranaku, 50 mai buga kullum, 60 wanda za a riƙa zaɓa cikin taurarin lig. Yaron da ka kawo, idan komai ya tafi daidai, mai .270 ne da homron wajen 25, wanda rashin gudu zai tura shi gefen fili ko zango na uku. Kowace ƙungiya za ta karɓe shi hannu bibbiyu.

Tambaya: A ƙungiyar da nake goyon baya akwai mai .335 da homron 28 a Triple-A, an sa shi na 17. Ga wani mai .255 a High-A an sa shi na biyu. In ba son kai ba, mene ne wannan?

Amsa: Malama, ba ki faɗa mana shekarunsu ba, kuma a nan gizo ke saƙar. Matsakaicin shekaru a Single-A wajen 21 ne, a High-A 22 zuwa 23, a Double-A wajen 24, a Triple-A 26 ko sama. Ɗan 19 da ke riƙe kansa a High-A yana fafatawa ne da waɗanda suka girme shi da shekara uku ko huɗu, jikinsa bai gama cika ba, kuma duk shekara zai ƙara. Ɗan 26 da ke ragargazar Triple-A ya riga ya zama abin da zai zama. Babu alamar da ta kai ƙuruciya a hawa mai wuya nuna tauraro. Juan Soto a Single-A ya buɗe kakar 2018, kafin watan Mayu ya ƙare yana bugawa Washington Nationals yana ɗan 19.

Sai ki duba inda ake buga wasan. Sashen yamma na Triple-A, wato Pacific Coast League, yana da garuruwa masu tudu da busasshiyar iska irin su Albuquerque, da ke sama da ƙafa 5,000 daga teku, da Reno da Salt Lake da El Paso. A can ƙwallo ta fi tafiya nesa, jifa mai lanƙwasa kuma ba ya lanƙwasawa yadda ya kamata, don haka .335 ɗin can sai an rage mata kaya. A Florida State League, ƙaramar lig ta Filorida, akasin haka ne: manyan filaye, iska mai laima, homron da wuya.

Abin da masu aunawa suka fi damuwa da shi ma ba .335 ɗin ba ne, yadda aka same ta ne. Sau nawa yaro ke fita da jifa uku, wato ya kuskure jifa uku a fitar da shi? A babbar lig matsakaici wajen 22 ne cikin 100. Wanda ya haura 30 tun yana Single-A, inda masu jifa ba su ƙware ba, hawa na gaba zai fi ƙarfinsa sai dai in ya gyara. Sau nawa yake samun zango kyauta saboda ya ƙi bin jifan da ya fita hurumi, wato yankin da ya kamata ƙwallo ta biyo a gaban mai bugu? Matsakaici wajen 8 cikin 100. Mafi muni shi ne mai kuskuren ƙwallon da ta biyo tsakiyar hurumi, domin mai bin jifan waje ana iya koya masa haƙuri, amma wannan matsalarsa a ido da hannu take. Sannan na'urori irin su TrackMan da Hawk-Eye suna auna gudun ƙwallo bayan ta bar sanda, daga mil 95 a sa'a zuwa sama ake kira bugu mai ƙarfi. Yaro mai .255 da ke dukan ƙwallo da ƙarfi tana faɗawa hannun masu tsaro ya fi mai .300 da ƙwallayensa ke silalewa ta tsakanin ƙafafun yaran da ba su iya tsaro ba. Akwai hanyar gane sa'a: a cikin ƙwallayen da aka buga suka faɗa cikin fili, wajen kashi 30 cikin 100 ne ke zama bugu mai kyau. Idan na yaro ya kai 40, ki sa ran zai sauko. Yawan fita da jifa uku yana fara faɗin gaskiya tun daga fitowa 60 zuwa 100, amma lambar .335 ɗin nan tana buƙatar fitowa kusan dubu kafin a dogara da ita, kakar ƙananan lig guda kuwa ba ta ba mutum haka.

Na ƙarshe, wurin tsayuwa. Mai cafewa, da shotsitof da ke tsare tsakanin zango na biyu da na uku, da mai tsaron tsakiyar fili, su ne masu wuyar samu. Shotsitof mai matsakaicin bugu kadara ne, kuma in ya yi nauyi gobe ana iya matsar da shi zango na uku ko na biyu. Mai tsaron zangon farko ba shi da wurin matsawa, dole sandarsa ta ciyar da shi. Muna kyautata zaton naki na 17 a can yake tsaye.

Duk da haka kina da 'yar gaskiya. Masu jeri sukan yi saurin gajiya da wanda suka daɗe suna gani, su ruɗu da sabon da bai riga ya nuna aibinsa ba.

Tambaya: Ranku ya daɗe, yaro yana jifa mil 100 a sa'a amma bai shiga goman farko ba. Me kuma ake nema bayan wannan?

Amsa: Da can mil 100 kaɗai ta isa a yi ta maganarka. Yanzu matsakaicin jifan gudu a babbar lig ya kai wajen mil 94, kimanin kilomita 151, kuma kusan kowane gandu yana da masu taɓa 98 da 99. Tambayar da ke raba masu jifa ita ce: zai buɗe wasa ne ya yi turmi biyar ko shida, ko kuwa ɗan karɓa ne mai turmi ɗaya? Mai buɗewa yakan yi turmi 160 zuwa 180 a kaka, ɗan karɓa 60 zuwa 70, don haka darajarsu ba ɗaya ba ce.

Mai buɗewa zai fuskanci masu bugu tara sau biyu ko uku a wasa guda, saboda haka jifa iri biyu ba sa isarsa. Yana buƙatar na gudu, da mai lanƙwasa ko mai gocewa, da na yaudara, wanda ke fitowa da motsin hannu iri ɗaya da na gudu amma ya gaza shi da mil 8 zuwa 10. Wannan na ukun shi ne makaminsa a kan mai bugu da ɗaya hannun, domin jifa mai gocewa na mai dama yana shigowa ne wajen sandar bahago maimakon ya guje mata. Yara masu ƙarfi sukan iso ba su da shi, tunda a makaranta gudu kaɗai ya ishe su.

Sai saiti, shi ma hawa biyu. Jefawa cikin hurumi daban, ajiye ƙwallo a kusurwar da mai cafewa ya nuna daban. Wanda ke ba da zango kyauta fiye da huɗu a turmi tara, ko ga fiye da mutum 11 ko 12 cikin 100, hanyar ɗan karɓa ya kama. Dalilin galibi a motsin jiki yake: kai yana fizga lokacin saki, ƙafar gaba ba ta sauka wuri ɗaya, hannu yana makara bayan ƙafa ta taka. Ana kuma duba ko gudun yana ɗorewa. Mai 98 a turmin farko da ya koma 93 a na huɗu, 93 ɗin ce tasa. Siffar jifan ma tana da nata: ƙwallo mai mil 93 da ke juyawa ta yadda ba ta faɗuwa kamar yadda ido ke zato ta fi mai 98 da ke zuwa miƙe sambal.

Rauni kuma yana rage wa kowane mai jifa maki tun kafin ya same shi. Jijiyar gwiwar hannu idan ta tsinke sai tiyatar da Dakta Frank Jobe ya fara yi wa Tommy John a 1974, wadda ke cin wata 12 zuwa 18. Da yawa suna dawowa daga ita. Kafaɗa ce ba ta da tabbas. Saboda haka idan mai jifa da mai bugu suka yi kunnen doki a maki, yawancin masu jeri mai bugu suke ɗorawa a sama, mu ma haka muke gani.

Tambaya: Masu farautar 'yan wasan nan, me suke yi takamaimai idan sun je fili? Kuma yaya rahotonsu ke zama jeri na 1 zuwa 30?

Amsa: Tun 2021 ƙungiyoyin ƙananan lig suna haɗuwa ne wasa shida a jere, Talata zuwa Lahadi, su huta Litinin. Wannan ya yi wa mafarauci daidai: a mako guda zai ga duk masu buɗe wasa, ya ga kowane mai bugu ya fito sau ashirin ko fiye. Yakan iso sa'o'i kafin wasa don atisayen bugu da na tsaro, inda ake ganin ɗanyen ƙarfi da hannu. Idan an fara sai ya zauna ta bayan mai cafewa da na'urar auna gudu da agogo, bayan 'yan turame ya koma gefe, ɓangaren da ƙirjin mai bugu ke fuskanta, don ya ga tafiyar hannu da ƙugu. Yana kuma lura da abin da ba ya shiga takardar sakamako: yadda yaro ke yi bayan ya fita sau uku a jere, ko yana gyara kuskuren jiya, ko yana gudu da gaske a wasan da aka riga aka sha kashi. Wannan shi suke kira hali, kuma sai an tambayi masu horarwa kafin a rubuta shi.

Mako guda kan yi ƙarya. Mafarauci na iya tarar da yaro yana fama da ciwon yatsa da ba a sanar ba, ko ya tarar da shi a makon da komai ke shiga. Shi ya sa ƙungiya ke tura mutum na biyu da na uku a watanni daban, sannan akwai babban mai bita da ke zagaya yankuna don ya daidaita makin wannan da na wancan, tunda wani hannunsa a sake yake wajen ba da 60, wani kuma a damƙe.

Wajen haɗa jeri, ana fara ba kowa makinsa na gaba ɗaya, a rage saboda haɗari: nisa daga babbar lig, tarihin rauni, yawan kuskuren ƙwallo. Sai a tara masu maki ɗaya rukuni guda. A cikin rukuni ne ake jayayya, kuma tambayar da ke yanke ta ita ce: da za a ce ka ba da wannan a ba ka wancan, za ka yarda? Sakamakon haka tazarar lambobi ba daidai take ba. Tsakanin na 1 da na 4 ana iya samun rami mai zurfi, amma na 14 da na 25 sau da yawa duk 'yan 40 ne, wanda ka ɗora a sama ra'ayi ne. Haka kuma na biyar a gandu mai albarka zai iya fin na ɗaya a gandun da aka sayar da amfaninsa. Raba 100 da 30 ka gani: ƙungiya mai matsakaicin gandu mutum uku ko huɗu take da su a jerin ɗari na ƙasa baki ɗaya.

Jerin da kake karantawa a Baseball America, wadda ke fitar da na ɗari tun 1990, ko MLB Pipeline ko FanGraphs, ba shi ne na cikin ofishin ƙungiya ba. Marubuta ne ke haɗa abin da suka gani da abin da mafarauta suka gaya musu. Mai hankali a cikinsu ya fi ba maganar mafarautan wasu ƙungiyoyi nauyi, domin mai kaya ba ya kushe kayansa, balle ana dab da rufe kasuwar musayar 'yan wasa wajen ƙarshen Yuli ko farkon Agusta.

Tambaya: Wani da ke na uku bara na neme shi a jerin bana na rasa. Wani kuma aka ce wata ƙungiya ta ɗauke shi a dala dubu ɗari kacal. Yaya aka yi?

Amsa: Na farkon mai yiwuwa yaye shi aka yi. Da zarar mutum ya wuce tsayuwar bugu 130 a babbar lig, ko turmi 50 na jifa, ko kwana 45 a cikin 'yan wasa 26 da ke bakin aiki, ya fita daga sahun masu tasowa.

Na biyun ƙa'idar da ake kira Rule 5 ce ta hau kansa. Kowace ƙungiya tana da rajistar mutum 40 da ba a taɓa mata su. Wanda aka ɗauka yana ɗan 18 ko ƙasa, tana da kaka biyar kafin dole ta sa shi a rajistar, wanda aka ɗauka yana 19 ko sama kuma kaka huɗu. In ba ta sa shi ba, a taron Disamba wata ƙungiya na iya ɗaukarsa a dala 100,000, bisa sharaɗin ya zauna a babbar lig kakar gaba ɗaya. In ta kasa riƙe shi, sai ta yi wa tsohuwar ƙungiyarsa tayin mayar da shi a dala 50,000. Ta wannan ƙofa Pittsburgh Pirates ta samu Roberto Clemente daga Dodgers a 1954, ta nan kuma Johan Santana ya bar Houston Astros a 1999 ya ƙare a Minnesota Twins, inda ya ci kyautar Cy Young, ta gwarzon mai jifa, sau biyu. Don haka ka riƙa duba wanda ƙungiya ta kare a watan Nuwamba da wanda ta bari a waje. Wannan ya fi kowace hira da shugabanninta nuna ainihin jerinta.

Tambaya: Na ɗaya a jerin ƙungiyarmu ya gama da Triple-A, kowa ya gani, amma aka ce sai ya ƙara gyara tsaro. Anya?

Amsa: Wani lokaci gaskiya ne, wani lokaci lissafin kwanaki ne. Kwana 172 a babbar lig ke cika shekarar aiki ɗaya, kuma sai da shekara shida ɗan wasa ke samun 'yancin zuwa inda ya so. Idan aka jinkirta shi mako biyu a kakar farko, ƙungiya ta ci ribar kaka ta bakwai. Chicago Cubs ta kira Kris Bryant ranar 17 ga Afrilun 2015, ya gama kakar da kwana 171, saura ɗaya. Ya kai ƙara bai yi nasara ba. Yarjejeniyar 2022 ta rage abin: wanda ya zo na ɗaya ko na biyu a zaɓen gwarzon sabbin 'yan wasa ana ba shi cikakkiyar shekara ko yaushe aka kira shi, kamar yadda ya faru da Paul Skenes a 2024. Ƙungiyar da ta fara kaka da matashin da ke cikin manyan jerin ɗari kuma, in ya ci kyautar, tana samun ƙarin zaɓe a diraf, wato zaɓen sabbin 'yan wasa da ƙungiyoyi ke yi bi da bi kowace shekara. Seattle Mariners ta samu haka ta dalilin Julio Rodríguez.

Tambaya: To da duk wannan awo, suna yin kuskure kuwa?

Amsa: Sosai, ta kowane ɓangare. Mutum 24 aka ɗauka kafin Mike Trout a diraf ɗin 2009. Ya fito daga New Jersey, jihar sanyi mai gajeriyar kakar makaranta, inda ba a cika ganin yaro sau da yawa ba kuma abokan karawarsa ba su da ƙarfi. Albert Pujols shi ne na 402 a 1999, ana shakkar jikinsa da wurin da zai tsaya, ya yi ritaya da homron 703. Jacob deGrom shotsitof ne a jami'a kafin ya koma jifa, a zagaye na tara aka ɗauke shi a 2010, bai shiga babbar lig ba sai yana ɗan 25. Mike Piazza a zagaye na 62 aka ɗauke shi a 1988, zagayen da ma babu shi yanzu tunda diraf ya koma 20.

Ta ɗaya gefen, Mark Appel ne na ɗaya a 2013, gaban Kris Bryant, amma sai 2022 ya taka babbar lig yana ɗan 30, a matsayin ɗan karɓa. Brien Taylor, na ɗayan 1991, ya ji ciwo a kafaɗa a wajen fili a 1993, bai taɓa kaiwa ba. In ka lura, kuskuren yakan fito daga wurare sanannu: yaron da ba a gani sosai ba, jikin da bai yi kama da wanda ido ya saba ba, wanda ya makara bai fara aikinsa na gaskiya ba, da hannun mai jifa.

Tambaya: Yaran Dominika da Benezuwela da ake ba miliyoyi suna 'yan 16, a ina ya kamata a sa su a jeri?

Amsa: Ƙasa da inda kuɗinsu ke nunawa, har sai sun buga a Amurka. Su ba sa shiga diraf, wanda na 'yan Amurka da Kanada da Puerto Rico ne. Ana sa hannu da su ne daga 15 ga Janairu, kowace ƙungiya da iyakar kuɗin da aka yanke mata. Matsalar ita ce an sha yin alkawarin baki tun yaro yana 13 ko 14, don haka kuɗin yana nuna yadda aka gan shi shekara biyu ko uku da suka wuce, kafin jikinsa ya sauya. Sakamakon gasar bazara ta Dominika ma ba abin dogaro ba ne sosai, domin masu jifan can da yawa ba sa samun hurumi, yaro mai haƙuri zai tara zango kyauta ba tare da an gwada shi ba. Abin dubawa a can shi ne yawan kuskuren ƙwallo da ƙarfin bugu, sai a jira a gan shi a Arizona ko Filorida, sannan Single-A.

Ƙungiyoyin da kansu sukan yi tuntuɓe a nan. Dala 15,000 Astros ta ba José Altuve a 2007, ana ganin ya cika gajarta, ya zama gwarzon lig ɗinsa a 2017. A 2016 Chicago White Sox ta ba da Fernando Tatis Jr. ga San Diego Padres a musayar James Shields, yana ɗan 17, bai buga mata wasa ko ɗaya ba. A shekarar ce kuma Dodgers ta miƙa Yordan Alvarez ga Astros don ta karɓi ɗan karɓa Josh Fields, shi ma kafin ya buga mata ko sau ɗaya.